KIFAYEN DA KE GANI DA MAGANA DA WUTAR LANTARKI

 Yau hirarmu a kan kifi take. Amma ba maganar banda ba ce, ba kuma maganar kuɗin kifi a kasuwa ba. Wata tambaya ce za mu amsa, wadda ta daɗe tana damun masana: yaya kifi yake gane hanyarsa da dare cikin ruwa mai laka, inda ido ba ya ganin kome?

Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin kogin Isa da damina, a Yamai ko a Gaya, ya san launin ruwan. Ja ne wur. In ka tsoma hannunka, nan da nan za ka daina ganin yatsunka. To, a cikin irin wannan ruwa akwai kifayen da ba su fita neman abinci sai da dare. Ba su karo da dutse. Ba su ɓacewa daga ƴan uwansu. Namiji yana samun mace, mace tana gane namijin irinta.

Da me suke yin haka? Da wutar lantarki. Kifin da kansa yake yin wutar a cikin jikinsa. Ku biyo mu sannu a hankali, za mu warware maganar daki-daki.

Wuta mai ƙarfi da wuta marar ƙarfi

Kowane masunci ya san minjirya. Wanda ya taɓa ta sau ɗaya ba ya mantawa. Hannu yakan yi tsam, jiki ya girgiza. Abin da ya ji ɗin nan wutar lantarki ce, irin wadda ke kunna ƙwan fitila.

Ana auna ƙarfin lantarki da wani awo mai suna bolt. Ku ɗauki pil na radiyonku ku duba jikinsa. Za ku ga an rubuta 1,5 V. Ma'anarsa bolt 1 da rabi. Wutar da ake ja wa gidaje a birni bolt 220 ce. Babbar minjirya kuwa tana iya sakin wajen bolt 350 a bugu ɗaya. Da wannan take sumar da ƙananan kifi ta ci, da shi kuma take korar maƙiyi. Wutar minjirya makami ce.

Amma akwai waɗansu kifaye masu wuta marar ƙarfi. Tasu ba ta wuce ta pil ƴan kaɗan ba, ta waɗansu ma ba ta kai ta pil ɗaya ba. Ka riƙe su da hannu, ba za ka ji kome ba. Wannan wuta ba ta kashe ko ɗan tsako.

Masanan da sun yanka irin waɗannan kifaye, sun ga wurin yin wuta a wutsiyarsu, suka rasa amfaninsa. Har wani babban masanin halittu na Ingila, Charles Darwin, ya rubuta a shekarar 1859 cewa maganar kifaye masu lantarki tana da wuyar ganewa. Sai da aka yi kusan shekara 100 bayansa aka sami amsa.

Ɗan sarki da miligi

Kifayen nan ba baƙi ba ne a wurinmu. Na farko shi ne ɗan sarki. Dogo ne, yakan kai metir 1 da rabi, nauyinsa ya wuce kilo 15. Wutsiyarsa siririya ce kamar ta ɓera. Yana da fiffike guda mai tsawo a gadon bayansa, tun daga kai har kusa da wutsiya. Idanunsa ƙanana ne. Ana samunsa a kogin Isa, da tafkin Cadi, da kogin Nilu, da kogin Senegal, da kogin Bolta na Gana.

Na biyu shi ne miligi da danginsa. Miligi shi ne mai dogon baki da ya lanƙwasa ƙasa, yana tonon laka da shi. Danginsa suna da yawa. Masana sun ƙirga iri fiye da 200, kuma duk duniya babu inda suke sai kogunan Afirka da tafkunanta. A cikinsu akwai wani ƙarami, tsawonsa kamar taƙi ɗaya, mai wata doguwar tsoka a haɓa. Turawa suna ce masa kifi mai hancin giwa. Yana zaune a kogunan Afirka ta Yamma da ta Tsakiya. Shi ne aka fi ajiyewa a jami'o'i don bincike.

Can a ƙetaren teku kuma, a kogunan Amurka ta Kudu, akwai waɗansu kifaye masu wuta marar ƙarfi. Ba dangin namu ba ne, amma dabararsu ɗaya. Za mu ambace su a gaba.

Malamin da ya gano asirin

A Ingila akwai wata tsohuwar jami'a a garin Kambirij. Jami'a ita ce babbar makaranta, inda ake koyarwa kuma ake bincike. A can aka yi wani malami mai suna Hans Lissmann. A shekarar 1949 ya je gidan ajiye namun daji na birnin Landan, ya ga ɗan sarki cikin akwatin gilashi. Ya lura da wani abin mamaki. Kifin yana tafiya da baya kamar yadda yake tafiya gaba, kuma ba ya karo da kome. Alhali ba shi da ido a wutsiya.

Lissmann ya samo ɗan sarki ɗaya, ya ajiye a ɗakin bincikensa. Ya tsoma waya biyu a cikin ruwan, ya haɗa su da na'urar awon lantarki. Sai ga shi kifin yana sakin wuta daga wutsiya, bugu wajen 300 a cikin sakan ɗaya. Ku tuna, minti ɗaya sakan 60 ne. Kuma ba ya tsayawa, dare da rana. Lissmann ya ba da wannan labari a 1951.

Amma ganin wuta daban, sanin amfaninta daban. Sai shi da abokin aikinsa Ken Machin suka shirya gwaji. Suka samo ƙananan tukwanen ƙasa, irin waɗanda ruwa ke tsattsafowa ta jikinsu kamar sabon tulu. Lantarki yana ratsa irin wannan tukunya in ta jiƙa, amma ido ba ya ganin cikinta. A cikin tukunya ɗaya suka zuba ruwa zalla. A cikin ɗayar suka ɓoye sandar gilashi. Daga waje tukwanen kamarsu ɗaya.

Suka koya wa kifin cewa abinci yana wajen tukunya iri ɗaya kaɗai. In ya je can, ya ci. In ya je wa ɗayar, a kore shi. Suka yi ta sauya wa tukwanen wuri. Ba a daɗe ba kifin ya daina kuskure. Ko sandar gilashin da kaurinta bai wuce milimetir 2 ba, watau kamar tsinken ashana, yana gane tana ciki. Bai gan ta ba, bai taɓa ta ba, bai sansana ta ba. Da wutarsa ya gane ta. Suka buga wannan sakamako a 1958.

Ku lura da yadda aikin bincike yake. Malamin ya ga abu, ya yi zato, amma bai tsaya ga zato ba. Sai da ya toshe duk sauran hanyoyi, ya bar guda ɗaya, sa'an nan ya ce ga amsa.

Yadda kifin yake gani

To, yaya abin yake aiki? Abu uku ne ke haɗuwa: wutsiya, da fata, da ƙwaƙwalwa.

A cikin wutsiya akwai waɗansu ƙananan ƙwayoyin nama masu faɗi, an jera su layi-layi, ɗaya bayan ɗaya. Kun san yadda ake jera pil a cikin fitilar hannu, kan wannan a gindin wancan, don ƙarfinsu ya haɗu? Haka suke. In ƙwaƙwalwa ta ba da umurni, duk sai su saki wuta a lokaci ɗaya.

Wutar tana fita daga wutsiya, ta bazu cikin ruwa, ta kewaye kifin, ta komo ta shiga jikinsa. A fatarsa kuwa akwai ƙananan ramuka masu ɗimbin yawa, galibi a kai da baya da ciki. A ƙarƙashin kowane rami akwai jijiya mai jin lantarki. Su ke gaya wa ƙwaƙwalwa yawan wutar da ta taɓa kowane wuri.

In babu kome kusa, wutar tana komowa yadda ta saba. In akwai abu kusa, sai ta sauya. Ku duba ruwa a cikin kwalbatin lambu. In ya tarar da dutse, sai ya kauce ya bi gefe. In ya tarar da rami, sai ya taru a ciki. Haka lantarki yake. Ba ya ratsa dutse ko gilashi da sauƙi, sai ya kauce musu. Amma yana son bin ƙarfe da jikin mai rai. Saboda haka kowane abu yana jefa wata irin inuwa a fatar kifin. Wannan inuwa ce ƙwaƙwalwa take karantawa.

Yanzu kun gane abin da ya sa ɗan sarki ba ya lanƙwasa jiki in yana iyo. Yana miƙe sambal, fiffiken baya kaɗai ke kaɗawa. In da yana karkaɗa wutsiya kamar sauran kifi, da inuwar ta riƙa rawa, ganin ya dagule.

A Jami'ar Bon ta ƙasar Jamus, wani malami mai suna Gerhard von der Emde ya ƙara gaba. A 1998 shi da abokan aikinsa sun nuna cewa kifi mai hancin giwa yana gane wanne ya fi nisa cikin abubuwa biyu, a cikin duhu ƙirin. Ya kuma nuna cewa kifin yana bambanta mai rai da marar rai, domin jikin mai rai yana sauya kamannin bugun wutar, dutse kuwa ba ya sauyawa. Da haka yake tsamo tsutsa daga cikin laka da tsakuwa.

Sai dai wannan gani ba shi da nisa. Galibi bai wuce tsawon jikin kifin ba. Kamar sandar makaho ce: ba ta kai nesa, amma tana faɗin gaskiyar abin da ke kusa.

Algaita da kalangu

Wutar nan ba ta gani kaɗai ba ce. Ta magana ce kuma. Domin wutar da kifi ɗaya ya saki, na kusa da shi yana jin ta a fatarsa, ko da akwai metir 1 ko fiye a tsakaninsu.

Mutum ma yana iya saurare. Masu bincike suna ɗaura waya a kan sanda, su tsoma a kogi, su haɗa da akwati mai ƙara sauti kamar radiyo. Sai wutar ta koma ƙara. In ɗan sarki ne a wurin, za ka ji sauti guda mai tsawo, ba ya yankewa, kamar busar algaita. In miligi ne ko danginsa, za ka ji ƙas, ƙas, ƙas, bugu da tazara, kamar kiɗan kalangu.

Mu tsaya a kan masu kalangu. Abu biyu ne a cikin kiɗansu. Na ɗaya, kamannin bugun kansa. Kowane iri yana da nasa. Na wani gajere ne ƙwarai, bai kai kashi ɗaya cikin 1000 na sakan ba. Na wani ya fi haka tsawo. Wannan shi ke cewa: ni wane ne. Na biyu, saurin kiɗan. Wannan kifin ne ke sauya shi yadda ya so. In yana hutawa, sai ya riƙa bugawa jefi-jefi. In ya ga baƙon abu, sai ya ƙara sauri don ya duba da kyau. In faɗa ne, sai ya yi ta zubo bugu ba ƙaƙƙautawa. Wanda ya tsorata kuwa yakan yi tsit, don kada a san inda yake. Wannan shi ke cewa: ga halin da nake ciki.

Wani malamin Jami'ar Cornell ta Amurka, Carl Hopkins, ya yi shekaru yana zuwa ƙasar Gabon, yana sauraren kifayen kogin Ivindo. Ya tarar cewa a iri da yawa, lokacin aure, bugun namiji ya fi na mace tsawo. A 1981 shi da Andrew Bass suka yi wani gwaji. Suka saka wa namiji bugu iri-iri ta waya. In bugun macen irinsa ne, sai ya amsa da kiɗan neman aure. In na wani iri ne, ba ya kulawa. Ta wannan hanya kuma aka gano cewa waɗansu kifaye masu kama da juna a ido, ashe iri daban-daban ne. Ido ya kasa raba su, muryar wuta ta raba.

Tasha biyu a wuri ɗaya

Ku da ke sauraren radiyo kun san wannan matsala. Wani lokaci da dare tasha biyu sukan hau kan juna. Sai ka ji shuuu da kuwwa, ba ka fahimtar ko ɗaya. Sai ka murɗa kaɗan kafin magana ta fito.

Masu busar algaita na cikin ruwa ma suna gamuwa da haka. In kifi biyu suka kusanci juna, kuma saurin wutarsu ya yi kusan daidai, sai wutar wannan ta dagula ganin wancan. Dukansu biyu su zama kamar makafi. Me suke yi? Wanda nasa ya ɗan fi sauri sai ya ƙara sauri. Wanda nasa ya ɗan gaza sai ya ƙara ragewa. Kowa ya koma tasharsa, gani ya komo.

Waɗansu malamai biyu na ƙasar Japan, Watanabe da Takeda, su suka fara ganin wannan a 1963, a jikin wani kifin Amurka ta Kudu. Daga baya aka tarar ɗan sarkinmu ma haka yake yi. Wani malami kuma, Walter Heiligenberg, na Jami'ar Kalifoniya a garin San Diyego, ya yi shekaru da yawa yana bin sawun wannan aiki a cikin ƙwaƙwalwar kifi. Ya bi shi tun daga fata, jijiya bayan jijiya, har zuwa inda umurni ke fita zuwa wutsiya. Ba kasafai ake samun halin dabba da aka san hanyarsa daga farko har ƙarshe kamar wannan ba.

Yadda yake raba muryarsa da ta wani

Ga wata tambaya. Wutar kifin kansa ita ta fi kusa da fatarsa, ita ta fi ƙarfi. To, yaya ba ta hana shi jin ta ƴan uwansa?

Ku dubi maƙeri. Yana dukan ƙarfe tun safe, ƙarar ba ta firgita shi, domin shi ke ɗaga guduma, ya san lokacin da za ta sauka. Amma in wani ya yar da kwano a bayansa, sai ya waiwaya. Haka ƙwaƙwalwar miligi take. Duk sa'ad da ta aika umurni zuwa wutsiya, sai ta aika wani saƙo zuwa sashen da ke sauraren baƙi, ta ce: wannan bugu namu ne, kada a kula. Sai a rufe ƙofa na ɗan ƙiftawar ido, a sake buɗewa. Duk bugun da ya shigo bayan haka, na wani ne.

A 1981 wani mai bincike a Amurka, Curtis Bell, ya nuna cewa ƙwaƙwalwar kifin har koyo take yi. Tana riƙe yadda bugunsa ya saba taɓa jikinsa, ta share wannan, don sabon abu kaɗai ya fito fili.

Irin wannan aiki yana son babbar ƙwaƙwalwa, kuma babbar ƙwaƙwalwa tana da ci. Akwai wata iska da jiki ke ɗauka in mun yi numfashi, sunanta oksijan. Kifi ma yana tsamo ta daga ruwa. Ƙwaƙwalwar mutum tana cin kashi 20 cikin 100 na oksijan da jikinsa ke ɗauka. A 1996 wani malamin ƙasar Suwidin, Göran Nilsson, ya auna ta kifi mai hancin giwa, ya tarar tana cin wajen kashi 60 cikin 100.

Shiru ma magana ce

Binciken bai tsaya ba. A 2021, Bruce Carlson da abokan aikinsa na Jami'ar Washington da ke garin Sen Luwis a Amurka sun duba wani ɗan ƙaramin dangin miligi na Afirka ta Yamma. Sun tarar cewa in kifi biyu suna tare, ɗaya yakan yi ɗan shiru, sa'an nan ya zubo bugu da sauri. Wannan ɗan shiru yana hutar da jijiyoyin mai sauraro, sai saƙon da ya biyo baya ya shige shi sosai. Kun san gwanin magana a fada ko a dandali. In zai faɗi babbar magana, sai ya ɗan dakata tukuna, kowa ya kasa kunne.

A 2024 kuma, Federico Pedraja da Nathaniel Sawtell na Jami'ar Kolumbiya a birnin New York sun nuna wani abu. In kifaye masu hancin giwa suna tare, kowanne yana amfani da wutar na kusa da shi don ya ga abin da tasa ba ta kai ba. Nisan ganinsa yana iya ninkawa har sau 3. Kamar matafiya ne da dare, kowa da fitilarsa. Hasken ɗan uwanka yana nuna maka ramin da naka bai kai ba.

Tarwaɗa tana saurare

Amma kowace magana tana da mai satar ji. A nan, tarwaɗa ce. Tarwaɗa ba ta gani da wuta yadda miligi ke yi, amma fatarta tana jin lantarki. Kuma tana cin dangin miligi.

A Jami'ar Regensburg ta Jamus, Susanne Hanika da Bernd Kramer sun gwada wannan wajen shekarar 2000, da bugun wani dangin miligi na kogin Zambezi, a kudancin Afirka. Sun tarar tarwaɗa tana jin dogon bugun namiji da sauƙi, amma gajeren bugun mace yana yi mata wuyar ji. Kun ga halin da namiji yake ciki ke nan. In ya tsawaita bugu don neman aure, ya kira mace, ya kuma kira mai cinsa. In ya yi shiru ya tsira, amma ya rasa iyali. Duk daren damina ana wannan ciniki a ƙarƙashin ruwa, mu muna bisa ba mu sani ba.

Ina amfanin wannan bincike?

Wani zai ce: malamai da manyan jami'o'i, su ɓata shekaru a kan kifi? Ga amfani uku.

Na ɗaya, sanin ƙwaƙwalwa. Jijiyoyin mutum ma da ɗan lantarki suke aika saƙo, kamar na kifi. Amma ƙwaƙwalwar mutum tana da wuyar bincike. A wurin kifin nan, ana iya auna abin da ya faɗa da abin da ya ji, duka da waya. Abin da aka koya a can yana taimaka wa masana su gane yadda tamu ƙwaƙwalwa take raba abin da muka yi da kanmu da abin da ya zo daga waje.

Na biyu, tsaron ruwan sha. In guba ta shiga ruwa, saurin bugun kifin yakan sauya. A Jamus da Faransa an gwada ajiye irin waɗannan kifaye a inda ake tace ruwan gari, na'ura tana saurarensu dare da rana. In kiɗan ya sauya, sai ma'aikata su bincika ruwan.

Na uku, ƙira. Injiniyoyi sun kwaikwayi kifin, sun ƙera na'urori masu gane abu da lantarki, don aiki a cikin ruwa mai laka inda fitila ba ta da amfani.

Abin da ya rage gare mu

Ƴan uwa, kifayen da ake ɗauka a jirgin sama a kai manyan makarantun duniya, ga irinsu nan a ruwanmu. Kiyaye su yana hannun masu zama a bakin ruwa.

Ɗan sarki yana yin sheƙa lokacin da ruwa ya cika ya malale cikin ciyawa. Yana tara ciyawa ya yi gida mai yawo a kan ruwa, a zuba ƙwai wajen 1000, kowanne kamar ƙwayar gujiya. Yana tsaron gidan, har yakan ciji wanda ya matso. Wanda ya kwashe sheƙa ɗaya, ya kwashe kifin baɗi. Wanda ya zuba guba a ruwa don kamun yini ɗaya, ya kashe babba da ƙarami. Taru mai ƙananan idanu kuma ba ya barin na gobe. Tsofaffin masunta sun san wannan tun kafin a zo da waya da na'ura.

In kun tsaya a bakin kogi da dare, kuka ji tsit, ku tuna cewa a ƙarƙashin ruwan ana ta busa da kiɗa, kunnenmu ne ba ya ji.

Tambayoyi don tattaunawa

1. Mene ne bambancin wutar minjirya da wutar ɗan sarki?
2. Me ya sa Lissmann ya ɓoye sandar gilashi a cikin tukunyar ƙasa?
3. Me ya sa ɗan sarki ba ya lanƙwasa jikinsa in yana iyo?
4. In wutar kifi biyu ta hau kan juna, me suke yi?
5. Wane haɗari ne namiji yake shiga in ya tsawaita bugunsa?
6. Waɗanne sunaye ake kiran waɗannan kifaye da su a yankinku? Ku tambayi masunta, ku rubuta sunayen a littafinku.